Yadda ake haɗa mafesar sanyaya ruwan ninƙaya da kayan famfo, da hattarar da iyali za su yi

Da zarar hunturu ya tattara nasa ya nasa, zafin watan Maris ya kankama, babu abin da yara ke so kamar shiga ruwa. A Abuja da Minna da Lakwaja da Makurɗi da Yola, lokacin ne wuraren shaƙatawa ke cika da iyalai a ranakun Asabar da Lahadi. Kwamin ninƙaya kuma yanzu ya wuce na otal kaɗai. Ana samun sa a rukunin gidaje da wasu makarantun kuɗi, ga kuma na roba da na tamfol da magidanta ke kafa wa 'ya'yansu a tsakar gida.

Sai dai duk mai kwami ya san wani abin takaici. A lokacin da aka fi buƙatar ruwan, a lokacin ne yake yin ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri. Yaro ya faɗa ciki don ya ji sanyi, ya fito yana haki. Bayan kwana biyu ruwan ya fara dusashewa, bango ya yi santsi, gansakuka ta leƙo.

A jihohin Amurka masu zafi irin su Arizona da Texas, inda gidaje da yawa ke da kwami, magidanta sun daɗe da samo wa wannan matsala dabara mai sauƙi. Suna haɗa 'yan guntayen bututun roba, su ɗaura a bakin da ruwa ke komawa kwami, sai ruwan ya riƙa tashi sama yana zubowa kamar yayyafi. Masu sana'ar na kiran abin ereta, mu kuma a nan za mu kira shi mafesa. Duk kayan haɗa ta akwai su a shagon masu kayan famfo, kuma duk wanda ya iya riƙe zarto zai iya haɗawa da yamma ɗaya. Amma kamar kowace dabara, tana da amfaninta, tana kuma da inda take cutarwa idan aka yi ganganci.

Me ya sa ɗumin ruwan ya zama abin damuwa?

Jikin mai ninƙaya yana aiki ne kamar na mai gudu, yana samar da zafi, ruwan da ke kewaye da shi kuma yana kwashe zafin. Idan ruwan ya yi ɗumi sosai, sai jiki ya rasa inda zai sauke nasa. Shi ya sa hukumar wasannin ninƙaya ta duniya ta ƙayyade cewa ruwan kwamin gasa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos.

A watan Oktoban 2010, wani fitaccen ɗan wasan ninƙaya na Amurka mai suna Fran Crippen, ɗan shekara 26, ya rasu yana tsakiyar gasar kilomita 10 a tekun Fujaira da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ranar da 'yan wasa suka koka da ɗumin ruwan. Bayan rasuwarsa ne hukumar ta sa doka cewa ba za a yi irin wannan gasa a ruwan da ya wuce digiri 31 ba. Idan ruwan ɗumi zai iya galabaitar da ƙwararre, to yaron da ya shafe awa biyu yana tsalle-tsalle a cikinsa da rana tsaka, bai sha ruwa ba, shi ma abin lura ne.

Matsala ta biyu ita ce tsafta. Sinadarin kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta yana saurin ƙarewa a ruwan ɗumi da hasken rana, su kuma gansakuka da ƙwayoyin cuta a nan suke samun yadda suke so. Daga nan ne ake kwaso ciwon kunne da ƙuraje da gudawa. Akwai ma wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwan ɗumi marar isasshen kulorin, tana shiga ta hanci ta kai ga ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba kasafai ba ne, amma da wuya wanda ya kamu ya tashi, kuma birnin Karachi na Pakistan ya sha yin asarar rayuka a dalilinta a lokutan zafi.

Hikimar randa ce

Babu wani siddabaru a aikin mafesa. Hikimar da ke sa ruwan randa sanyi ita ce dai. Randa na tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, shi kuma ruwan da ya bushe ya tafi da zafin wanda ya rage a ciki. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Kwami a zaune, samansa ne kaɗai ke haɗuwa da iska. Idan aka watsa ruwan sama ya rarrabu zuwa dubban ɗigo, kowane ɗigo iska na taɓa shi ta ko'ina. Kaɗan daga cikinsa ya bi iska, sauran ya dawo kwami da sanyi.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da kwata yana ɗaukar lita 40,000. Kafin zafin wannan ruwa ya sauka da digiri ɗaya, sai kimanin lita 70 ta bi iska, wato kusan jarka uku ta masu garuwa. Saukar digiri uku ke nan zai ci kusan duro guda. A ido ba wani abu ba ne, don bakin ruwan ba zai sauka da ko santimita ɗaya ba. Amma wanda ke sayen ruwa a tanka ya sa wannan a lissafinsa, haɗe da wanda iska za ta kwashe ta watsar a waje.

Daga wannan za a gane cewa mafesa ba ko'ina take aiki daidai ba. Inda iska ke bushe, kamar Sakkwato da Maiduguri da Kano a watan Maris da Afrilu, ko Abuja kafin hadari ya fara haɗuwa, tana aiki sosai. A Legas da Fatakwal da Kalaba kuwa, inda iska ke ɗauke da laima kusan kullum, sanyin da za ta kawo kaɗan ne, kamar yadda shanya ke daɗewa ba ta bushe ba da damina. Mutanen Jos kuma galibi neman abin ɗumama ruwa suke yi.

Kayan da ake buƙata

Kafin a je kasuwa, a kashe injin tura ruwa, a duba jikin bangon kwamin. Za a ga baki ɗaya ko fiye da ruwan da aka tace ke fitowa ta ciki. A bakin akwai wani murfi mai kama da ƙwayar ido wanda ake warwarewa da hannu. A cire shi a tafi da shi shago, domin girman zaren ya bambanta. Da yawa inci ɗaya da rabi ne, wasu kuma inci biyu ko milimita 50. Gwadawa a gaban mai shago ya fi zato.

Sai a sayi:

Adafta ɗaya mai zare a waje, daidai da bakin bangon.

Bututun PVC mai kauri, irin na ruwan famfo, kamar mita biyu. Kada a karɓi marar kauri na wayar lantarki ko na ruwan wanke-wanke, don ba ya jure matsin ruwa.

Elbo biyu, ɗaya mai cikakkiyar lanƙwasa, ɗaya mai rabin lanƙwasa.

Ti ɗaya da murfin toshe bututu biyu.

Yuniyon ɗaya, wato mahaɗin da ake warwarewa ba tare da an juya bututu ba.

Gam ɗin bututu, farin tef na zare, zarto, sanfefa, da injin huda mai baki milimita 4 ko 5.

Yadda ake haɗawa

Na farko, a naɗa farin tef a zaren adafta, a ɗaura ta a bakin bangon da hannu kawai. Kada a sa sifana. Bakin bangon roba ne da aka binne a cikin siminti, idan ya tsage sai an fasa bango kafin a canja shi, kuɗin gyaran kuma ya ninka na mafesar sau da yawa.

Na biyu, a yanko guntun bututu kamar tsawon yatsa, a haɗa adafta da yuniyon, sannan wani guntun ya haɗa yuniyon da elbo mai cikakkiyar lanƙwasa, bakinsa na kallon sama. Amfanin yuniyon shi ne, idan aka manne komai ya zama sanda guda, ba za a iya juya shi a ɗaura ba, leɓen kwamin zai tare shi. Da yuniyon kuwa, ana cirewa a mayar cikin minti ɗaya.

Na uku, a auna daga elbo zuwa saman ruwa, a ƙara kamar kamu ɗaya da rabi, a yanki bututu mai wannan tsawo a tsayar. A samansa a sa elbo mai rabin lanƙwasa yana kallon tsakiyar kwami, sai guntun bututu, sai ti.

Na huɗu, a kowane hannu na ti a sa bututu mai tsawon kamu biyu, a toshe ƙarshensa da murfi. Wannan sandar da ta gitta ita ce mafesar. A ja layi da fensir a jikinta, a yi huji a jere, tazarar yatsa ɗaya tsakanin kowane biyu, duk suna kallon sama da tsakiyar ruwa. A goge bakin hujin da sanfefa, a wanke garin robar a waje don kada ya shiga kwami.

A fara haɗa komai babu gam, a ga tsayi da kusurwa sun yi, a yi wa kowane mahaɗi alama, sannan a fitar da shi waje a manne. A yi aikin gam a fili, nesa da wuta da yara, don warinsa na hawa kai kuma yana kamawa da wuta. A bar shi ya kwana kafin a sa masa ruwa.

Yawan huji shi ne inda aka fi yin kuskure. Faɗin cikin bututu mai inci ɗaya da rabi ya kai na huji kusan 60 masu milimita 5. Wanda ya yi huji 20 ya rage hanyar ruwan zuwa kashi ɗaya cikin uku. Idan kwamin na da baki biyu ko uku, babu damuwa, sauran ruwan zai bi ta ragowar. Idan kuwa baki ɗaya ne tak, matsin zai koma kan matata da injin. Don haka a duba agogon matsi da ke kan matata kafin a ɗaura mafesa, a sake dubawa bayan an kunna. In allurar ta haura sosai, a kashe a ƙara huji. Ƙananan huji na ba da feshi mai laushi da ya fi sanyaya ruwa, amma iska ta fi kwashe shi. Manya kuma na ba da ruwa mai kauri da ke faɗawa kusa. A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, domin huji idan an yi shi ba ya komawa.

Da dare ake kunna ta

Mutane da yawa na kunna mafesa da rana don sha'awar gani. Amma aikinta na gaskiya da dare ne, daga bayan sallar Isha'i zuwa hantsi, lokacin da iska ta fi sanyi kuma babu rana da za ta mayar da zafin da aka cire. Wanda ke da ƙarancin wuta ya zaɓi awannin kafin asuba. Da rana a warware ta a ajiye a inuwa. Hakan na hana rana gasa robar har ta yi gautsi, yana kuma hana yara mayar da ita abin lilo.

A sayi ma'aunin zafi na ruwa, a riƙa dubawa safe da yamma na mako guda. Shi zai nuna ko wahalar da kuɗin wutar na biyan buƙata. In an haɗa da rumfar yadi da ke tare ranar la'asar, sakamakon ya fi kyau.

Ruwa ba ya tsami banza

Akwai wani aiki da mafesa ke yi wanda ido ba ya gani. A cikin ruwa akwai iskar kabon da ta narke, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Idan aka watsa ruwa sama, wannan iska na ficewa, sai tsamin ruwan ya ragu, ma'aunin da ake kira pH ya hau.

Masu kula da kwami na riƙe wannan ma'auni tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ya yi ƙasa, ruwan na cin ƙarfe da siminti, yana sa ido zafi. Idan ya yi sama, kulorin na yin rauni. A 7.5 kusan rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai ƙarfin kashe cuta, a 8 kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ke nan mutum zai iya zuba kulorin daidai, amma mafesar da ya bari tana aiki dare da rana ta rage masa ƙarfi bai sani ba.

Ga mai amfani da kulorin na ƙwaya, wanda ke ƙara wa ruwa tsami, ko mai ruwan burtsatse mai tsami, mafesa taimako ce. Ga mai amfani da na gari kuwa, wanda shi ma ɗaga ma'aunin yake yi, sai an ƙara sa ido. Maganin dai shi ne gwaji. Takardar gwaji ko 'yar kwalbar ɗigo ba ta da tsada, a gwada kullum kafin yara su shiga. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada kulorin ya gaza miligiram 1 a kowace lita. Idan za a sauke ma'aunin da asid, a zuba asid a cikin ruwa, kada a zuba ruwa a cikin asid, kuma kada a taɓa haɗa shi da kulorin a mazubi ɗaya, domin hayaƙin da ke tashi na iya kisa. A kulle su a wurare daban-daban inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Masu ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe su ma su lura. Iska na sa ƙarfen ya yi tsatsa, ruwan ya koma ja, ya bar tabo a bango. Gara a tace irin wannan ruwa kafin ya shiga kwami.

Inda haɗarin yake

Babban abin da ya kamata uwargida da maigida su riƙe shi ne, mafesa ba ta kashe ƙwayar cuta. Ba ta maye gurbin kulorin ko matata. Hasali ma, idan ruwan ba shi da tsafta, ita ce za ta ɗauko cutar ta kai ta hancin mutanen gida. Ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani mugun ciwon huhu a birnin Philadelphia a 1976, tana hayayyafa a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 25 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa ake kamuwa da ita. Tsofaffi da masu shan taba da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari. Don haka ruwan da ya yi kore, ko ya daɗe babu magani, ko injinsa ya kwana biyu a kashe, kada a kunna masa mafesa sai an gyara shi an gwada. A kuma riƙa juye ruwan da ya kwanta a bututun kafin a ajiye.

Na biyu, a tabbata a bakin da ruwa ke fitowa aka ɗaura, kada a taɓa bakin da ke zuƙa, kada kuma a cire murfinsa. Ƙarfin zuƙar injin na iya riƙe gashi ko jikin yaro a ƙarƙashin ruwa. Haka ya faru da Virginia Graeme Baker, 'yar shekara 7, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, a 2002, abin da ya sa ƙasar ta kafa dokar murafen magudanar kwami da sunanta a 2007. Kowane babba a gida ya san inda makunnin injin yake.

Na uku, lantarki. Feshi na kaiwa inda ruwan kwami bai saba kaiwa ba. A kawar da soket da wayar jona da fitila daga inda iska za ta iya kai shi, a kuma kira ƙwararren mai wuta ya sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta haɗu da ruwa. Daɓen gefen kwami ma zai riƙa jiƙewa, a hana yara gudu a kai.

Ido a kan yara

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disambar 2024 ya nuna mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mafesa na ƙara wannan haɗari ta hanya biyu. Ƙarar zubar ruwa na jan hankalin ƙaramin yaro ya nufi wurin, ga shi da dare ake kunnawa lokacin da manya ke barci. Sannan feshin na hargitsa saman ruwa, wanda ke tsaye a waje ba zai ga ƙasan kwami sosai ba.

Yaro idan zai nutse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa kamar yadda ake nunawa a fim. Shiru ake ji. Saboda haka a kewaye kwami da shinge ta kowane ɓangare, da ƙofa mai kulle kanta. A kashe mafesa idan ƙanana na ciki. A ware babba ɗaya wanda aikinsa kallon ruwa ne kawai, ba waya ba hira, kada a ɗora wa yayarsu 'yar shekara goma wannan nauyi.

Masu ƙaramin kwami na roba

Kwamin tamfol da ke zuwa da ɗan injinsa da tiyo shi ma ana iya yi masa mafesa, ta hanyar rataya sandar a bakinsa a jona da tiyon da ke mayar da ruwa. Sai dai injinsa ba shi da ƙarfi, don haka a yi amfani da siririn bututu, kada kuma a ɗaga shi sama sosai.

Shi kuwa ɗan ƙaramin da ake hura wa iska, wanda ba shi da inji ko matata, ba ya buƙatar wata dabara. A cika shi a inuwa, yara su yi wasa a gaban babba, a zubar da ruwan a ranar, a wanke a kife shi. Ruwan da aka bari ya kwana ana cewa gobe ma za a shiga, shi ne ke zama gidan sauro, kuma ko tsawon yatsa ne zurfinsa ya isa ya halaka mai rarrafe.

Wanda ya ga zai iya kiyaye gwajin ruwa kullum, da shinge, da sa ido, to ya nemi adaftarsa ya gwada, zai ga bambanci kafin mako ya zagayo. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, rumfa da rage lokacin shiga ruwa zuwa safiya da yamma sun wadatar. Allah Ya kare mana zuri'a, Ya sa mu ga damina lafiya.